Malamin Gona da Ganyen Inna Dije

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a Kazaure ba, musamman ranar da na so ƙasa ta tsage in shige, ga lomar tuwo a hannuna.

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon malamin gona, takardar shaidata ko lanƙwasa ba ta yi ba. Zamanin da kuɗin mai ya fara yawo ne, naira tana sabuwa, kowane ƙaramin ma'aikaci yana ji da kansa. Aka ba ni babur da wani littafi mai kauri na sunayen tsirrai da Turanci, aka ce in je in koya wa manoman Kazaure da Roni da Gwiwa noman zamani. (Ni kuwa haifaffen cikin birnin Kano ne. Kafin in shiga makarantar koyon aikin gona, a kwanon awo kawai na san gero.)

Ban yi aure ba, ban iya hura wuta ba, don haka tun satin farko wani malamin firamare ya kai ni wurin Inna Dije. Ba wani babban wuri ba ne. Rumfar kara ce a jikin zauren gidanta, ƙarƙashin darbejiya, da tabarmi uku da benci ɗaya da randa mai sanyi. Mutum goma in sun zauna, na sha ɗaya sai ya jira. Kullum fuskokin nan ne dai: malaman firamare biyu, wani tela mai yawan barkwanci, mai gyaran keke, sai ni. Ita kuma Inna, dattijuwa ce siririya, tana zaune kan kujera 'yar tsuguno tana kwasa, ta san cikin kowa. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda zai ce ya ƙoshi alhali bai ƙoshi ba.

Doka ɗaya ce a wurin: ba a zaɓe. Abin da lokaci ya kawo shi ake ci. Ranar farko na gyara murya na ce a ba ni shinkafa da miyar dage-dage, sai ta ce tumatirin lambu ya ƙare tun shigowar zafi, in jira sanyi. Na ce ai akwai na gwangwani a kanti. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ba na dafa abin da ban san uwarsa ba." Ta tura mini tuwon dawa da miyar kuka, na ci na suɗe kwano.

Da haka na fara gane watan da ake ciki daga tukunyarta. Da bazara ta tsananta ruwa ya ja baya, kifi ya yi araha, muka yi ta shan romonsa. Tela ya ce in bari kaka ta zo in ga taushe da kabewa, in ga yadda ake rabuwa da kunya. Da ruwan sama ya sauka kuwa, sai rumfar ta koma kore. Yau zogale, gobe rama, jibi lalo, ga man shanu sabo da matan Fulani ke kawo mata da hantsi.

Cikin wannan ne wani ganye ya bayyana. Wata rana ta kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, wata rana ta saka shi a miyar gyaɗa ta zuba kan tuwon gero. Da ka kai baki za ka ji ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, kafin ka yamutsa fuska sai wani garɗi ya biyo baya, sai ka ga hannunka ya koma kwano da kansa. Ba zogale ba ne. Ba rama ba ce, don babu tsami. Ba alayyahu ba ne. Ranar da aka fara kawo shi na ji tela ya ce, "To, 'yar unguwa ta iso." Na ɗaga kai na duba hanya, har da gyara hula, ban ga kowace yarinya ba. Na ce a raina wataƙila ta riga ta wuce.

Mai hankali zai ce, to me ya hana ka tambaya? Abin da ya hana ni shi ne kowa a rumfar nan Malamin Gona yake kirana. Yaya malamin gona guda, mai babur da littafi, zai buɗe baki a gaban tela ya tambayi sunan ganye? Sai na ɗauki abin a matsayin bincike. Na fakaici ido na ƙunshe ɗan kwaɗon a hankici, na kai ɗakina, na wanke ƙuli-ƙulin, na baza ganyen a kan takarda da tsinken ashana, ina gwada shi da hotunan littafi. (Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gane dafaffen ganye daga hoto ya san kamar neman kamannin saniya ne a cikin kilishi.) Kwana uku ina wannan aikin, abin da na samu kawai shi ne tabon mai a shafi uku na littafin gwamnati.

Da dabara ta ƙare sai na bi ta bayan gida. Na ce, kamar ba da wata manufa ba, "Inna, wannan ganyen a wace kasuwa kike samo mai kyau haka?" Ta yi dariya ta ce ba na kasuwa ba ne, ai namu ne, daga gonar gwamnati yake zuwa, ni ma na fi kowa sani. Na gyaɗa kai irin na wanda ya sani, na ce haka ne.

Wannan magana ta ƙara rikita ni, amma ta ba ni bakin zare. Na koma ofis na birkice ɗakin ajiya, sai na tsinci wata tsohuwar takardar iri ta wani ganyen miya na ƙasar waje, da hotonsa kore shar, wadda wanda na gada ya bari. Shi ke nan, na ce, asiri ya tonu. Wanda ya gabace ni ne ya raba irin, mutane suka shuka, Inna take kiransa na gwamnati. Na ji daɗi har na yi wa kaina kirari.

A daidai wannan lokaci ina fama da gonar gwaji da aka damƙa mini a bayan gari, gindin duwatsu. Masara muka shuka, muka zuba mata taki na gida da na zamani. Masara ta yi kyau, amma wata ciyawa ta fi ta jin daɗin takin. Ganyenta kamar yatsun hannu biyar, furenta fari, in ka murza ta sai wani wari ya bi hannunka. Ita kam na same ta a littafi nan take, a babin ciyayi masu cutar da amfanin gona, da dogon sunanta na boko wanda na haddace. Shugaban leburorina, wani dattijo mai suna Baba Iro, kullum da sassafe sai ya tsinke ta ya cika buhu ya ɗaura a keke. Har yaba masa na yi, na ce ban taɓa ganin mai tsabtar aiki irinsa ba, tun da har nesa yake kai ta ya zubar. Ya ce, "To, Malam." (Na san mai karatu ya riga ya gane. Kowa ya gane, har keken Baba Iro. Ni kaɗai na rage.)

Ana nan sai aka sa ranar nuna wa manoma gonar. Babban jami'inmu, Malam Lawan, zai zo daga Kano, kuma rahoton da zai rubuta shi zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a ƙara mini lokacin gwaji. Manoma suka zo daga Roni da Gwiwa, wasu a keke wasu a ƙafa, yawancinsu sun haife ni. Na tsaya a gabansu da farar riga, na tumɓuke ciyawar nan na ɗaga sama, na kira ta da sunanta na boko. Na ce ɓarauniyar taki ce, ba ta da amfanin komai, ko akuya in ta shinshina sai ta kau da kai. Na nuna musu sabon famfon feshi, na ce gobe da safe zan feshe gonar da maganin kashe ciyawa, ba za a sake ganin ko ɗaya ba. Na lura manoman suna kallon juna. Wani tsoho daga Gwiwa mai farin gemu ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa. Na ɗauka ilimi ne ya ratsa su.

Da azahar na ce wa Malam Lawan akwai inda zan kai shi ya ci abincin da babu irinsa a Kano. Muka tafi rumfar Inna tare da dattawan manoma huɗu, har da tsohon nan na Gwiwa. Tela yana nan, malaman firamare suna nan, aka matsa aka ba baƙi benci. Inna ta kawo tuwon gero da miyar gyaɗa, ganyen nan ya cika ta. Ni da na fi kowa jin yunwa saboda dogon jawabi, na share kwano na nemi ƙari, na sake nema.

Malam Lawan ya kai loma biyu, ya dakata, ya dubi miyar, ya dube ni. Sannan ya tambaye ni a hankali, wane ganye ne wannan. Da ina da rabo da na ji wani abu a muryarsa. Amma sai na ga dama ce ta samu. Na ajiye hannu na ce, ranka ya daɗe, wannan ingantaccen ganye ne daga ƙasar waje, ofishinmu ne ya kawo irinsa, kuma ga shi jama'a sun karɓe shi hannu biyu, wanda ke nuna cewa aikin wayar da kai yana tafiya. Har na ƙara da cewa ina shirin faɗaɗa nomansa zuwa Babura.

Tela ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Malam Lawan ya juya wajen Inna cikin ladabi ya ce, "Inna, mene ne sunan ganyen nan a wurinku?"

Ta ce, "Gasaya ce, ranka ya daɗe. Wasu su ce 'yar unguwa. Ta gonar Malamin Gona ta fi ta ko'ina laushi, saboda takin nan nasu. Maigidan ne yake tsinko mini kullum a buhu." Ta nuna ƙofar zaure, sai ga Baba Iro tsaye da buta a hannu, yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifin. Sai ta juyo gare ni, babu wasa a fuskarta, ta ce ta ji wai gobe za a zuba mata guba, shin gaskiya ne, don ta san ko za ta hana a tsinko.

Lomar da ke hannuna ta yi nauyi kamar dutse. Tsohon Gwiwa ne ya riga ni magana, ya ce, "Akuya dai ba ta ci, gaskiyar Malam ce. Amma Malam ya yi ƙari biyu."

Dariyar da aka yi, har mai gyaran keke sai da ya ƙware aka ba shi ruwa. Malam Lawan bai yi dariya sosai ba. Da aka natsu ya ce shi ɗan ƙauye ne, kuma da wannan ganyen kakarsa take riƙe gidansu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Tsohon ya ce a shekarun farin da ba a daɗe da fita ba, gidaje da yawa a wajensu ita da ganyen tafasa suka tsayar da su. Ya ce abin da ya so faɗa ke nan da safe, amma ya ga ba daidai ba ne a katse malami a gaban babbansa. Wannan ta fi dariyar yi mini ciwo.

A hanyar komawa Malam Lawan ya ce a dakatar da feshin. Ya ce ciyawa ce a cikin masara, wannan gaskiya ne, littafi bai yi ƙarya ba, amma littafin bai taɓa jin yunwa ba. Ya umarce ni in sayi sabon littafin rubutu, in bi Baba Iro cikin gona kunya bayan kunya, duk tsiron da muka gani in rubuta sunansa na Hausa da abin da ake yi da shi, in kawo masa kafin ya sa hannu a takardata. Wata uku tabbatarwar tawa ta yi jinkiri.

Kwana huɗu ban taka rumfar Inna ba, ina fama da shayi da burodi. A rana ta biyar Baba Iro ya zo gona da kwano ɗaure a ƙyalle, ya ce Inna ta ce in ba fushi nake da ita ba in ci, kuma lokacin gasaya ya kusa wucewa, wanda bai ci yanzu ba sai baɗi. Na zauna a bakin kunya na cinye, washegari na koma da ƙafata. Tela ya tarbe ni da sabon suna, Angon 'Yar Unguwa, kuma sunan bai sake ni ba har na bar garin. Ita Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai daga ranar, duk abin da ta zuba mini sai ta faɗi sunansa da ƙarfi kamar mai karanta wa ɗan aji ɗaya, har tuwon ma.

Littafin da na cika da Baba Iro ya fi wanda aka ba ni a makaranta yi mini amfani a shekarun aikina. Darasin da na ɗauka kuwa ba mai tsawo ba ne. In ba ka san abu ba, tambaya tun kana kai kaɗai da mai shi, domin jahilcin da ka ɓoye wa mutum ɗaya, a gaban goma zai fito. In kuma girman kai ya hana ka tambaya, to ka ci gaba da tauna. Ban taɓa jin wanda ya kunyata saboda bakinsa cike yake da tuwo ba.