Mashigin Tunuga Ya Rasu, Kada Kowa Ya Duba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, ni Bubakar mai ɗakin wasan bidiyo na bayan tashar Gaya, a madadin kaina da 'yan wasa na garin nan da na ƙetaren gulbi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mashigin Tunuga, wanda ya cika ranar Larabar da ta wuce, a gaban idona, ko tari bai yi ba.

Kafin in ci gaba ina da roƙo. Duk wanda ya san yana da marigayin a cikin ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, don girman Allah kada ya tashi ya duba. Ya zauna inda yake, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya karanta sanarwar nan har ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ba mutum ba ne, ko da yake ya fi wasu mutanen da na sani kirki. Akwai wani wasa da wani kamfanin Turai ya yi, na takubba da matsafa da dodanni masu hura wuta, inda kake zaɓen jaruminka ka yi ta yawo da shi a ƙasar ƙanƙara. Kamfanin da kansa ya ba masu son wasan kayan aikin da za su yi masa ƙari, ya kuma ba su wurin ajiya a shafinsa. Irin wannan ƙarin 'yan wasa ke kira mod, kamar dai tela ya ɗora aljihu a rigar da ba shi ya ɗinka ba. Ni da Aisata, ɗiyar maƙwabtanmu mai zane da ordinatar, muka ɗora namu aljihun. Muka yanka gulbi a tsakiyar ƙanƙarar Turawa, muka shuka masa giginya da fadamar shinkafa, muka kori dodon muka zuba dorina. Jarumin da ya ji rauni ya daina shan ruwan kwalba mai launi, sai ya ci soyayyen kifi da yaji ya miƙe. A bakin gulbin muka ajiye mai fito da jirginsa, muka sa wa wurin suna Mashigin Tunuga.

Marigayin ya yi rayuwa mai tsabta. Bai taɓa neman ko sisin kowa ba. Bai taɓa daskarar da ekran, allon ordinatar, ba, sai fa in zafi ya yi yawa, kuma a nan ma ba shi kaɗai ba. Ya koya wa Turawa cewa dorina ba abar wasa ba ce, har wani daga cikinsu ya rubuto yana tambaya ko da gaske akwai irin dabbar nan ko mu muka ƙirƙiro ta. Ya haɗa ɗan Malanbil da ɗan Kamba da ɗan Gaya a jirgi ɗaya, babu mai tambayar kowa takarda.

Ba za mu manta da muryarsa ba. Idan ka iso bakin ruwa za ka ji caɓal-caɓal na filafili, sannan mai fito ya yi maka sannu ya ce, "Fofo, baƙo. Shiga da ƙafar dama." In ka zare takobi a cikin jirgi sai ya ce, "Zamna, yaro. Ruwa bai san takobi ba." Wannan murya ta kawuna ce, Sumana, Basarke ɗan Tunuga da ya tsufa a kan gulbi. Ni na je har gida na ɗauke ta da wayata.

A nan zan tsaya in yi bayani, don shi ne dalilin sanarwar nan duka.

Ranar ɗaukar muryar na ce masa, "Kawu, in ɗan wasa ya daɗe tsaye a gaɓa bai shiga ba, ina so ka kira shi." Ya ce, "In kira wa?" Na ce kowa ma, duk sunan da ya zo masa. Ya leƙa ƙofar zaure, ya ga ba kowa. Ya ce, "Wanga abu na Turawa na, ko? Nan garin ba a ji?" Na ce ai Turawa ne masu yawan shiga. Sai ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya sassauta murya, ya ce, "Kaltuma. Taho, jirgi na jiranki."

Kaltuma matarsa ce, ta fari kuma ta ƙarshe. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mutanen da ba sa kama sunan matar fari. Tun da aka kai ta gidansa har suka yi jikoki, kiranta a bakinsa "ke" ne, ko "mutanen gida", ko gyaran murya. Ita ma haka, "shi" ne ko "mai jirgi". Ba rashin so ba ne, alkunya ce, kuma sun riƙe ta da kyau har Allah ya karɓi ransa a daminar bara.

Bayan ta fita takaba, wata ranar kasuwa Inna Kaltuma ta shigo ɗakina ta huta kafin ta sami kabu-kabun komawa. Wani ɗan wasa ya bar jaruminsa tsaye a gaɓa ya tafi salla. Muna cikin gaisawa sai muryar ta fito. Ƙullin dawadawar da ke hannunta ya faɗi. Ta dubi ekran, ta dube ni, ta ce, "Wa ya koya mai sunana?" Na sunkuya na tsince mata dawadawar. Ta ja kujera ta zauna, ta gyara mayafi kamar mai jiran baƙo, ta ce in bar shi ya sake.

Tun daga ranar, duk kasuwa sai ta zo. Nakan tsayar da jarumin a gaɓa, mu yi jira. Na ce mata zan iya sa shi ya yi kiran nan take, ta ce a'a, ba a gaggauta shi, shi ya san lokacinsa. In ya kira sai ta amsa "Na'am" a hankali, ta ɗan zauna, sannan ta tashi ta tafi cefane. 'Yan wasana, waɗanda ko gobara ba ta tashe su daga kujera, da sun hango ta suke miƙewa su ba ta wuri.

Marigayin ya daɗe yana jinya. Ciwon ya fara ne bayan sojoji sun karɓi mulki, da aka yanke mana wutar Nijeriya muka koma kan gurup, injin wuta. Wata rana gurup ɗin ya yi haushi ya ƙone diskin da muka yi aikin duka a kansa. Na ce ba komai, muryar Kawu tana cikin wayata. Da na tashi neman sabon diski a Malanbil, ƙetaren gulbi, gada a rufe, sai jirgi, mutum kan mutum, buhu kan buhu. A tsakiyar ruwa wani buhun albasa ya zame ya buge ni, wayar ta fita daga aljihuna ta bi gulbi. Ɗan 'yar'uwar Basarke ne ni, amma ko kurme ban iya ba. Na sake cewa ba komai, ai marigayin yana nan lafiya a shafin kamfani, yana nan kuma a cikin ordinatocin ɗakina.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani Bature ya ɗauki bidiyon kansa yana wasa a mashiginmu ya watsa, duniya ta kalla, lauyoyin kamfani ma suka kalla. Suka gane cewa jirgin Kawu aro ne daga wani tsohon wasansu da su kansu suka daina sayarwa, suka kuma ji cewa a ɗakina biya ake yi a zauna. Suka aiko da saƙo da Faransanci mai sanyi, suka ce mun taka haƙƙinsu. Suka sauke shi daga shafin. Abin da ban sani ba shi ne sun kuma ba wasan umarni, duk ordinatar da ta taɓa rezo, wato intanet, a shiga a share shi. Ranar Laraba wuta ta zo, rezo ya zo, na yi murna na kunna komai. Ina kallo gulbin ya ƙafe, giginyu suka ɓace, ƙanƙara ta dawo, jarumina yana tsaye a fili shi kaɗai da takobinsa.

Kalmar haƙƙi ta tsaya mini a rai. Mu a nan, in aka ce mamaci yana da haƙƙin wani a kansa, ba a kai shi ba sai an nemi yafiya. Don haka na rubuta musu. Na ce jirgin naku ne, ku ɗauka, zan sa Aisata ta sassaƙa wani. Na ce gulbin ma ku riƙe, da dorinar. Ku yafe wa marigayin, ku ba ni numfashi ɗaya na muryar tsoho, kalma biyar, wata baiwar Allah ce ke jira. Amsa ta zo tun ban ɗauke yatsa ba: sun gode, saƙona yana da muhimmanci a wurinsu. Da na matsa, wani mai suna a ƙasan takarda ya tuna mini cewa ranar da na karɓi kayan aikinsu na danna "na yarda", kuma duk abin da aka zuba ta cikinsa ya zama nasu. Wato sunan da Kawu bai iya faɗa a tsakar gidansa ba, yanzu mallakin wasu ne da ko furta shi ba su iya ba, kuma sun zaɓi su zubar. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. An ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, to ni wasan ne aka ƙwace mini.

Sai kuma muka ƙarasa shi da hannunmu. Kun san halinmu, in aka ce wane ya rasu, ba mai zama, kowa sai ya je ya gani da idonsa. Na kira Aisata a Doso, inda take aiki yanzu, na ce Mashigi ya mutu. Ta yi salati ta ce, "Ƙarya ne, yaya, jiya ma na shiga, bari in duba." Kafin in ce kar ki, ta haɗa rezo. Nata yana da rai har lokacin, gaisuwar mutuwar ce ta kashe shi. Labari ya bazu, 'yan Kamba suka duba, 'yan Malanbil suka duba, wani malamin lekol, makarantar boko, a ƙauyen Bana da rezo bai taɓa isa gidansa ba ya ɗauki ordinatar ɗinsa a kan babur ya hau tudu don ya tabbatar. Kowa ya kira ni yana cewa wallahi gaskiya ne, yanzun nan ya ga ya tafi. Allah ya saka muku da alherin zumunci, amma na roƙe ku ku daina.

Marigayin ya rasu ya bar gulbi ɗaya da ba a san inda yake ba, da dorina marasa makiyayi, da ni, da Aisata wadda ta daina ɗaga waya, da 'yan wasa masu yawa da suka koma yawo cikin ƙanƙara kamar marayu. Ya bar Inna Kaltuma, wadda har yanzu ba ta sani ba.

Mai yiwuwa kuma ya bar ɗa guda. Na'Allah direba, wanda ke zuwa ɗakina in ya sauke kaya, yana da shi a wata tsohuwar ordinatar. Ordinatar tana ƙarƙashin kujerar motarsa, motar tana tsaye a ƙetare tun da aka rufe gada, shi kuma ya bi motar wani ta hanyar Burkina, lambarsa ba ta shiga. Duk wanda ya gan shi, a Lome ne ko a Yamai ko a wani wurin shan shayi a hanya, ya riƙe masa hannu biyu kafin ya gaya masa. Na'Allah, in kai ne ke karantawa, na san ka, kai mai son gani da ido ne. Kada ka buɗe ta. Da ta farka za ta kama rezon wayarka da kanta, ka sani. Ka naɗe ta a bargo yadda take, ka sa a leda, ka ba mai jirgin da ba ya ɗaukar albasa.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa irinsa salla, kuma babu gawa. Saboda haka za a binne ƙonannen diskin a bayan ɗakin wasa ranar jajibirin kasuwa, bayan azahar. Masu zuwa ta'aziyya su kashe wayoyinsu tun daga tasha, akwai ƙwarya a bakin ƙofa da za a zuba su. Wanda ya zo da ordinatar a kashe, ko ta wane ce, shi za a fara ba ruwa. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar sadakar uku. Kada kowa ya kai gaisuwa Tunuga. Matar ta yi takaba sau ɗaya, ban san da wane baki zan ce mata ta sake ba.

Na gwada kwaikwayon muryar a bayan ɗaki. Ba ta yi ba, kuma sunan Inna ya ƙi fita daga bakina.

Za a rufe zaman makoki da hantsin ranar kasuwa, lokacin da kabu-kabun Tunuga ke isowa. In har zuwa sannan ba wanda ya kawo komai, za ta shigo, yaran za su miƙe, za ta ja kujerarta ta gyara mayafi. Ni kuma zan tsayar da jarumin daidai inda gaɓar take a da. Ba za ta ce ya yi jinkiri ba. Ta jira shi tun tana amarya kafin ya kira ta sau ɗaya, kuma ita ce ta ce ba a gaggauta shi.

Allah ya ba mu haƙuri. Ita tana da shi, ni ne ba ni da.

Mai sanarwa,
Bubakar mai ɗakin wasa, bayan tasha, Gaya.