Barmo da Dutsen Arkiyan

A garinmu Falale, gidan Barmo ne na ƙarshe kafin shimfiɗaɗɗen dutsen nan na gabas. Su biyu ne a gidan: shi, ɗan shekara arba'in da bai taɓa aure ba, da mahaifiyarsa Tabawa. Barmo ba mahaukaci ba ne, kada a ce na ce. Ciwonsa ɗaya: yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. A shekarar da nake ba ku labari rijiyoyinmu sun ƙafe, ruwan tafki muke sha, ciwon ciki kuma ya kwantar da Tabawa. Malamin asibiti ya ce muddin ba a canza mata ruwa ba, ba ta magani ɓarna ce kawai.

Wata rana aka turo mana wata masaniyar duwatsu, Malama Safara'u, ta nemo inda za a haƙa burtsatse. Rami ɗaya tak aka ba garin, in bai ba da ruwa ba shi ke nan. Barmo ya zama mai riƙe mata jaka. Ta ƙwanƙwasa dutsen da guduma ta ce, "Wannan na Arkiyan ne." Mai gari ya ce mene ne kuma haka? Ta ce, "Sunan wani tsohon zamani ne na duniya, wanda ya ƙare shekara miliyan dubu biyu da ɗari biyar da suka wuce. Lokacin ba itace, ba dabba, balle mutum. Dutsen da ya samu a zamanin da sunan muke kiransa. Ya girmi kowa a nan." Barmo na jin haka ya tuɓe takalmi, don a garinmu ba a wuce babba da takalmi. Da azahar fa, a tsakiyar bazara. Kwana uku yana ɗingishi da ƙafafu duk bororo.

Wata rana ta nuna masa wani ɓallin dutse mai ratsin fari da baƙi ta ce, "Duk inda ka ga irinsa, ka ɓallo mini." Kafin la'asar ya kawo mata rabin dutsen niƙan Tabawa, wanda aka kai ta ɗakin miji da shi. "Inna, Malama ce ta ce duk inda na gani." Tabawa ba ta da ƙarfin faɗa, sai ta juya fuskarta bango. Wallahi ranar tausayinta ya hana ni cin tuwo.

Wata rana Malama ta ce masa, "Dutsen Arkiyan ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga. Ga jan fenti, duk tsagar da ka gani ka shafa." Ya shafa wa katangar mai gari, da ƙwaryar mai fura, da fason ƙafar ladan yana barcin rana a gindin ceɗiya. Fenti ya ƙare bai kai ga dutsen ba. Ba a yi dariya sosai ba, don a makon an binne yara biyu.

Wata rana ta gama awonta, ta kafa turke a gindin dutsen inda za a haƙa, za ta koma birni ta turo masu injin haƙa. Ta ce, "Barmo, kada ka ɗauke ido daga turken nan." Ya koma gida, Tabawa ta kama hannunsa ta ce, "Kada ka yi nisa da ni." Barmo bai ga wata wahala a nan ba. Ya tumɓuke turken, ya zaga gidansu yana bugawa ƙasa tana ƙi, sai a wani ɗan kwari daura da ƙofa ya shige. Nan ya kafa shi, ya zauna a zaure, yana ganin turke yana jin tarin uwarsa.

Masu injin suka zo, suka ga turke, suka fara haƙa. Malama ta iso washegari, ta ga inda ake haƙar, ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Mu kuwa saura kaɗan mu yi masa duka. Kafin azahar ruwa ya yi tsiri ya fi zauren tsawo. Daga baya da ta sake awo, ita da bakinta ta ce babbar tsagar ta nan ta bi, shi ya sa ƙasar wurin ta yi laushi, kuma ba ta da tabbas wurin da ta zaɓa zai ba da ko guga ɗaya.

Barmo ya zo da moɗa a guje zai tarar wa uwarsa. Ruwan ja ne, duk laka. Mai injin ya ce, "Kada kowa ya sha sai ya washe tas." Barmo ya tsaya da moɗarsa. Mata suka leƙo suka ce Inna na kiransa, ya ce yana zuwa, bai washe ba tukuna. Sai bayan la'asar ya washe. Ya cika moɗar ya shiga da ita a hankali don kada ta zube, ya tarar an riga an rufe mata ido.

Da ruwan aka yi mata wanka.