Yadda Ake Durƙusa wa Madam a Fim Ba Tare da An Hana Ka Mata Ba

An ba ka fitowar sakataren da shugabarsa ke juyawa kamar waina a fim ɗin soyayyar ofis, ga shi kana neman aure a zahiri? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, mata kam ka samu ka gama. Da su ne Obiora ya tsira a garin Asaba, yau ga shi da zobe a yatsa.

1. Karɓi aikin, ka ja bakinka

Obiora ƙato ne, shi ya sa darakta ya zaɓe shi, don 'yan kallo sun fi son ganin babban mutum a ƙasa. A fim ɗin, Madam Chinasa ce mai kamfani. Shi ke riƙe mata jaka, shi ke fifita mata shayi, in ta ƙyasta yatsa ya zube, kuma wai hakan ne ke masa daɗi. Ya ce wa budurwarsa Uloma fim ɗin kasuwanci ne. Kai ma faɗi haka. Ba ƙarya ba ce, akwai tebur a ciki.

2. Manta da zancen bincike

Ka dai san a ƙasar Ibo dangin yarinya ba sa shan bammin neman aure da manemi ya kawo sai sun tura an binciko halinsa. Share wannan daga ranka, mai tunani ba ya iya durƙuso. Dangin Uloma sun turo Mazi Udensi, mijin gwaggonta, dattijon da ko a wurin biki ba a ganin haƙorinsa. Ya zo wurin ɗaukar fim da jar hula da sanda, ya samu kujera bayan janareta, babu wanda ya lura.

3. Durƙusa tsakaninka da Allah

"Wa ya ce ka ɗago kai?" in ji Madam.

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"Cire min takalmi. Da hannu biyu, ɗan rainin wayo."

Yana cikin cirewa ya hango jar hula, ya gane Mazi ne, ya zaro ido. Yana son Uloma kamar ransa, ga aurensa yana shirin rushewa, shi kuwa yana rungume da takalmin wata.

"Yawwa, wannan tsoron nake nema tun safe," in ji darakta. "A sake."

Idan aka ce a sake, sake.

4. Kada ka yi bayani

Nan ne Obiora ya kusa ɓata rawarsa. Ana tashi ya ruga wurin dattijon.

"Kawu, wasa ne fa kawai. Ni a gida namiji ne, in na yi tsawa..."

"Yi min shiru," in ji Mazi. Ya duba gabas ya duba yamma, ya rage murya. "Da gwiwar hagu kake fara sauka. Wa ya koya maka? Dama ake fara ajiyewa, an fi jimawa."

"Kawu?"

"Tun ba a haife ka ba nake aure a gidan su Uloma. Matansu duk irin Madam ɗinka ce, su kuwa ba wasa suke ba. Samarin Uloma na baya ni na kore su, don tausayi, wuyansu ya cika tauri. Kai ka zo da horonka. Kawo bammi ranar kasuwa."

Sai wayar Mazi ta yi ƙara. Ya miƙe zumbur, ya cire hula kafin ya ɗauka. "Na'am, ranki ya daɗe. Ga ni nan tafe."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ko hujewar wando, ko dariyar abokai. Wanda ya bi matakan nan ya samu mata, shi ya jiyo. A dai sani, a gida babu daraktan da zai ce a tsaya a huta.