Rasuwar Beryl, Mai Ɗauke da Sunayenmu a Baya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Angus Petrie nake sanar da 'yan'uwa, abokan tafiya, da duk direban da ya taɓa ɗaga mini yatsan gaisuwa a kan titin Stuart, rasuwar Beryl, tsohuwar farar bas ɗin da ta zame mini gida. Ta cika ranar Talata da hantsi, kudu da Glendambo, inda babu wata inuwa sai tata.

Marigayiya ta fito daga zuriya mai tsawo. Ni da Kirra, budurwata a wancan zamani, mun fara ne da tanti mai yoyo. Daga nan muka sayi ƙaramar mota muka shimfiɗa katifa a bayanta, sannan ɗakin kwana na ja, wanda iska ta kusa kifar da mu tare da shi. Kullum abin hawanmu ƙara girma yake yi, ni kuwa da karatun littattafai ya lalata, na ɗauka soyayyar ce take neman fili. Sai ga Beryl, da murhunta, da gado na gaske, da kanta guda ta littattafaina. Kirra ta taka bokiti ta rubuta a bayanta da jan fenti, kamar yadda kowa yake yi: ANGUS DA KIRRA, TASHA 18, wato tashar da ake samun mu a oba-oba.

Beryl ba ta san gaggawa ba. Da safe sai ta yi tari, ƙyar-ƙyar-gurrr, kamar dattijuwar da aka tasa ba ta shirya ba. Amma muryarta ta gaskiya ita ce ta oba-obar da ke saman gilashi, wadda direbobin tirela suke kiran mu ta cikinta in sun karanta sunayenmu.

"Angus da Kirra, masu farar bas, kuna ji? Wannan tafiya ce ko kiwo? Ku matsa in wuce."

Kirra takan fizge abin magana. "Wuce mana, tsoho, kafin madarar da ka ɗauko ta zama nono!"

Mu yi ta dariya har ƙurarsa ta lafa.

Wata rana Kirra ta ce ta gaji da a riƙa wuce ta. Ta je ta koyi tuƙin tirela mai jela uku, tana jigilar shanu tsakanin Alice Springs da Port Augusta. Ta canza lambar waya. Abin da ta bar mini kawai shi ne: "In na hango bas ɗin a hanya, zan kira." A kan wannan magana ni da Beryl muka rayu. Mu hau arewa, mu gangaro kudu, in wanke kwanuka a gidajen abinci na gefen titi in zuba mata mai, oba-oba a kunne. Direbobi suka ci gaba da kira.

"Angus da Kirra, yau ina mai bakin nan? Ta yi shiru."

"Barci take, mutumina. Wuce."

Ciwon ajali ya fara da zazzaɓi a lagireto. Na ba ta ruwan shana, ta sha ta amayar. Daga baya inji ya buga sau ɗaya, ta gangara gefe a hankali don kada ta tare wa kowa hanya. Stavros bakanike ya leƙa, ya goge hannunsa, ya ce, "Ɗana, wannan ta daɗe da mutuwa, yau ne dai ta gaya maka."

Ta rasu ta bar butar shayi mai lotsattsen gindi, da kujerun shan iska biyu, da oba-oba, da ni. Magajinta wani ɗan amalanken kwana ne da zan riƙa ja da wata tsohuwar a-kori-kura. In na miƙe a cikinsa, ƙafafuna a waje suke kwana. Littattafai na rabar. Kujera ɗaya ce ta shiga.

Kirra ta san Beryl tun daga nesa, amma ba ta san wannan amalanke ba. Don haka na roƙi a yanko mini ƙarfen da ke ɗauke da rubutunta. Muka gwada a bayan amalanken: suna ɗaya zai ɗauka, da lambar tasha. Masu suna Angus sun cika titi. Nata na zaɓa, domin mutum ba ya wuce rubutun hannunsa bai gane ba. Haka dai nake gaya wa kaina.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a filin 'yan gwangwan na bayan layin dogo a Port Augusta. Akwai gasasshen sosej da burodi da albasa. Kowa ya zo da kujerarsa da abin shansa. Ba a buƙatar furanni.

Roƙona ga direbobi shi ne: in kun ga ɗan amalanke da sunan mace a baya, da ƙaton mai gemu a sitiyari, ku kira sunan, zan amsa. In kuma wata tirelar shanu ta wuce ni ba ta ce komai ba, don Allah kada kowa ya gaya mini wanda ke tuƙi.