Ranar da Na Ƙulle Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Mayafi

Ba zan taɓa mantawa da kukan nan guda uku ba: tiit, tiit, tiit. Har yau in motar kaya tana ja da baya ta yi irin wannan ƙara, sai gabana ya faɗi.

Safiyar Asabar ce, ni kaɗai a ofishin makarantar da nake aikin buga takardu a nan Karaye. Na tayar da janareta, na danna maɓallin kwamfuta. Fankarta ta juya, amma fuskarta ta tsaya baƙi ƙirin, sai kukan nan. Na kashe, na kunna. Kuka. Na yi bisimilla da ƙarfi na sake kunnawa. Kuka.

Bari in faɗi laifina tun da wuri. Kwamfutar tsohuwa ce, in ka buɗe takarda sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama shawara ba. Na dami Hedimasta da ƙorafi har ya sayo sabon ram daga Kano, wato ɗan siririn falle kore ɗin nan da ke sa kwamfuta sauri. Ya miƙo mini ya ce, "Ki ajiye a durowa. Sai an gama jarrabawa mai gyara zai zo ya sa." Na ce to. Amma ni da na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku (bugu kawai aka koya mana, amma wa ya tambaya?), na kuma kalli bidiyo har sau biyu a waya, ban ga abin jira ba. Ranar Juma'a da aka tashi na kwance murfi, na zare tsohon ram, na ɗora sabon a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Babu wuta a lokacin, na kuma ji ƙiwar tayar da janareta, don haka ban gwada ba. Na tafi gida ina jin kaina.

A cikin kwamfutar nan akwai tambayoyin jarrabawar azuzuwa tara, wadda za a fara ranar Litinin. Mako uku ina bugawa. Takardun da malamai suka rubuto da hannu kuwa, ni da kaina na ƙone su a bayan ofis, don dokar makarantar ke nan, kada su faɗa hannun ɗalibai. Ko a filashi ban kwafa ba. Ga shi Babanmu ne ya je da ƙafarsa ya nema mini aikin, ya ce wa Hedimasta, "Yarinyar nan ba ta da rawar kai."

Na yi kuka na minti biyar, sannan na share fuska na ce yau ko ni ko ita. Na canza wayar da ke zuwa fuskar kwamfutar. Na mayar da ram ɗin ɗaya ramin. Na goge bakinsa da kilinar fensir, na hure ƙura har na yi atishawa. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na ƙirga ɗari, na mayar. Tiit, tiit, tiit. Sai na ce to, sabon ne ba ta so, a mayar mata da tsohon mijinta. Na buɗe durowa. Babu. Jaka, babu.

A nan na tuna. Jiya na naɗe shi a takarda, na ƙulle a gefen mayafina ruwan toka, yadda Innarmu ke ƙulle duk abin da take tsoron ɓatansa. Mayafin kuwa Yaya Sa'adatu ta ara da sassafe, ta tafi suna Zoza, can ƙasar Rogo, gidan Gwaggo Dije ƙanwar Babanmu.

Na kira wayar Yaya sau bakwai, ba ta shiga. Na kulle ofis na nufi tasha.

Damina ce, an kwana ana ruwa. Mota ta sauke ni a Rogo, daga nan sai babur, ga taɓo har gwiwa a wasu wuraren. Mai babur ya ce, "Hajiya, ko mara lafiya ne?" Na ce e, yana can kwance ko motsi ba ya yi (ban yi ƙarya ba).

Tun daga zaure na ji tsakar gidan ta yi tsit, irin shirun da bai dace da gidan suna ba. Na yi sallama na shiga. Mata sun yi da'ira, Yaya Sa'adatu na tsaye a tsakiya tana rantse-rantse, Gwaggo Dije kuma ta riƙe ram ɗina da bakin zani don kada ya taɓa fatarta. Ashe wajen ɗaukar jaririya abin ya soki mai jego a hannu, aka kwance ƙullin.

"Yawwa, ga mai mayafin nan!" in ji Yaya. "Auta, zo ki faɗa musu, wallahi ni aro na yi!"

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa, ni da taɓona. "Ke 'yar nan, ko gaisuwa babu? To zo nan. Na ga laya ta fata, na ga ta ƙarfe, ban taɓa ganin koriya mai haƙoran zinare ba. Wane malamin ne ya ba ki?"

"Gwaggo, ina wuni. Ba laya ba ce."

"Wane ɗan mutane ake son a juya wa kai?" wata ta jefo daga baya. Aka kwashe da dariya.

"Har da 'yan ɗakuna baƙaƙe a jiki," in ji wata. "Kowane ɗaki da saurayinsa!"

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A gidan ɗan'uwana ba a san wannan ba. Wuta ce maganinsa." Ta juya ta nufi murhun da aka ɗora tukunyar tuwo.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na dai san na tsallake tabarma, ƙafata ta ɗauki robar kunu, na zame, na tafi da ciki har gaban murhu, hannuna riƙe da ƙafar Gwaggo, ina ihu, "Ƙwaƙwalwa ce! Ƙwaƙwalwar kwamfutar makaranta ce!"

Kunu na bin wuyana.

Gwaggo ta sunkuyo. "Kika cire wa na'urar mutane ƙwaƙwalwa?"

"E, Gwaggo."

"Kika ƙulle a mayafi kamar goro?"

"E."

"To taki fa, a ina kika ƙulle ta?"

Dariyar da aka yi har jaririya ta farka. Ban tsaya cin tuwo ba. Na karɓi abina, na ce Allah Ya raya, na fita da kunu a hijabi.

Ana kiran la'asar na iso ofis. Na cire sabo, na ɗora tsoho a hankali, na danna maɓalli. Tiit, tiit, tiit. Na zauna a ƙasa ina ganin fuskar Babanmu a gaban Hedimasta. Shi ke nan, na ƙone kwamfutar mutane da aikin azuzuwa tara a ciki.

Amma na riga na sha kunya a Zoza, wadda ta rage ba ta da yawa. Na naɗe akwatin kwamfutar a zani, na ɗora a ka, na bi ta tsakiyar gari har shagon Malam Isiyaku mai gyara, wanda tun farko aka ce in jira.

Ya saurari labarina bai katse ni ba, sai dai yana ta kallon hijabina. Ya buɗe murfi, ya leƙa, ya ce, "Malama, wa ya sa wannan?"

"Ni ce."

"Kin ji ya yi ƙas?"

"Wane ƙas?"

Ya ɗora manyan yatsunsa biyu a kan ram ɗin, ya danna da ƙarfin da sai da na rufe ido. Ƙas! Ya haɗa ta da fuskar kwamfutar shagonsa, ya jona wuta. Tiit, guda ɗaya tak, fuska ta kawo haske. Nan da nan na buɗe takardun: aji ɗaya, aji biyu, har tara.

"Komai yana nan," in ji shi. "Ba ki ƙone komai ba. Ɗora shi kawai kika yi, ba ki shigar da shi ba. Kawo sabon mu gani."

Na so in ce a bar shi. Ya zare tsoho, ya sa sabo, ƙas! Kwamfuta ta tashi da gudu kamar ba ita ba. Wato tun safe abin da ya raba ni da zaman lafiya bai wuce dannawa ɗaya ba. Rogo, Zoza, taɓo, kunu, duk nafila na yi.

"Kwantar da hankalinki, ki je ki buga jarrabawarki," ya ce. "Amma ki fara kwafa a filashi. Kuma ki wanke hijabin nan, ƙuda sun fara bin ki."

Abin da na koya? In an ce ki jira mai gyara, ki jira. In kuma kin ƙi ji, to aƙalla ki danna har ki ji ƙas. A Zoza dai har yau ba a kirana Auta. Mai Ƙwaƙwalwa a Mayafi suke ce mini, kuma Gwaggo ce ta raɗa.