Farar Fitilar Nusaiba

Ko me zan manta a zamanmu na Guangzhou, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai fitila makarantar su Nusaiba ba. Har yau in na tuna ina tsakiyar wanke-wanke sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Nusaiba 'yata ce. Shekararta biyar a lokacin, kuma ita kaɗai ce baƙar fata a ajinsu, a wata 'yar makaranta da ke bayan gidanmu a unguwar Panyu. Idan zafi ya fara sauka, wajen watan tara, mutanen nan suna da wani biki da suke yi na cikar wata. Yara kan haɗa fitilun takarda tare da iyayensu, su kai makaranta a zagaya fili da su. Malamarsu ta turo saƙo a waya cewa kowane yaro ya zo da tasa ranar Juma'a da yamma, kuma kada a saya, a haɗa da hannu.

Yarinyar nan ta hana mu sakat da zancen. Ba ta da ƙawaye da yawa, amma akwai wata 'yar ajinsu, Tongtong, da ta yi mata alkawarin za su jera tare a layi. Wannan alkawarin shi ne abincinta, shi ne barcinta.

To, ni fa tela ce. Shekara tara na yi a kan keke a Fagge kafin maigida ya kawo ni nan, amare nawa na fitar kunya. Sai na ce a raina, ai faɗuwa ta zo daidai da zama, yau Sinawa za su ga aikin hannu. (Babu wanda ya tambaye ni, ku lura. Fitilar yara aka ce a haɗa.)

Da muka zauna tsara abin, Nusaiba ta ce, "Umma, ja ake yi. Ta kowa ja ce."

"Shi ya sa taki ba za ta zama ja ba," in ji ni. "Kowa ja, kowa ja, kamar an ɓare buhun tattasai? Fara za mu yi, tas, irin ta manya."

"Umma, laoshi ta ce ja ko ruwan ɗorawa." Laoshi shi ne malama a bakinsu.

"Laoshi ta taɓa ɗinki? Miƙo min almakashi."

Washegari da na je sarin kayan kwastomomi a kasuwar Guangyuan, na biya wani shagon kayan ado na ce ina son farar fitila wadda ba a yi wa komai ba. Matar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Meyo," wato babu. Shago na biyu ma meyo, har da kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa dalili. Ni kuwa cewa na yi ba su san kaya ba. Na sayi 'yan sandunan gora na dawo gida, na zaro ragowar farar shaddar da na yi wa maigida kayan sallah da ita, na ɗame ta a jikin goran. Na bi bakinta da baƙin zare don farin ya fito, na sa mata baƙin tuntu a ƙasa. Nusaiba tana gefe da ledar jajayen takardun da ta yayyanka, tana jiran a ce ta liƙa. Na ce ta ajiye, za su ɓata aikin.

Ranar Juma'a na ga kamar da saura. Na tsaya wajen mai furanni a bakin tashar jirgin ƙasa na zaɓi farare, irin masu yawan ganye ɗin nan da ke cika gari a wannan lokacin. Matar ta ƙara min ɗaya kyauta, tana ta shafa min bayan hannu da fuskar tausayi. Na ce kai, mutanen nan akwai kirki. Na ɗaure furannin a saman fitila, ni ma na sha farin leshina, don mu dace.

Filin makarantar ya cika da yara da kakanninsu, don a nan tsofaffi ne ke kai yara su ɗauko. Ko'ina ja da ruwan ɗorawa: mai siffar kifi, mai siffar zomo, wasu a karkace, gam duk ya ɓata su. Muna shiga hayaniya ta ragu. Mutane suka dare suka ba mu hanya. Wallahi har wani taku na canza, ina cewa a raina, ai dama na faɗa.

Nusaiba ta hango Tongtong ta sheƙa wajenta da fitila a hannu. Sai kakar yarinyar, wata 'yar gajeriyar tsohuwa, ta fizgo jikarta ta mayar bayanta. Nusaiba ta tsaya cak.

Malamar ta taho da sauri, ta kama hannuwana biyu ta riƙe. Ta yi rubutu a wayarta, wayar ta fassara, ta nuna min. Ta'aziyya take yi mana. Tana tambaya wa ya rasu a gidanmu, kuma me ya sa ban faɗa mata ba, ai da ta ba yarinya hutu.

Na yi dariya na ce babu wanda ya rasu, kowa lafiya lau. Ta dubi fitilar, ta dubi leshina, ta sake rubutu. Ashe a wajensu farar fitila mai baƙi a ƙofar gidan makoki ake rataye ta. Fararen furannin nan kuwa kabari ake kai su. Fari ma kansa kayan zaman makoki ne. Wato ni, tela mai shekara tara a kan keke, na haɗa jana'iza sukutum na kawo bikin yara, kuma na yi mata anko.

Innalillahi! Da ƙasa za ta tsage da na shige, har da leshin. Na rasa inda zan sa fuskata, sai "tuipuci, tuipuci" nake yi, wato a yi haƙuri, ina rusuna wa kowa har da mai gadi.

Amma ba kallon mutane ne ya kashe ni ba. Nusaiba ce. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɓoye fitilar a bayanta, ta ɗago ta dube ni ta ce a hankali, "Umma, ai na gaya miki." Ga yara sun fara jeruwa bibbiyu, ita tana tsaye ita kaɗai. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan lokacin ba.

Tsohuwar nan ce ta cece mu, bayan malama ta yi mata bayani. Ta yi wata doguwar magana da ban gane ba (na tabbata ba yabo ba ne), ta karɓi fitilar, ta tsinke furannin da tuntun ta jefa a kwandon shara. Ta zaro jar takarda daga jakarta. Nusaiba ma ta buɗe tata jakar, sai ga ledar 'yan yanke-yankenta, ashe ta taho da su a ɓoye. Su uku, ita da tsohuwar da Tongtong, suka durƙusa suna liƙe shaddata da gam, nan faci can faci, ni kuwa aka ba ni murfin gam na riƙe. Abin da ya fito, a idon tela, abin kunya ne: a karkace, a cukurkuɗe, gam na ɗiga. Nusaiba ta ɗaga shi sama kamar an ba ta kofi, ta kama hannun Tongtong suka shiga layi. Na tsaya can baya kusa da bishiya, na lulluɓe leshin da jan mayafin da malama ta ara min.

Abin da na koya dai shi ne, a garin da ban san me ke sa mutane kuka ba, 'yar shekara biyar da ke wuni a cikinsu ta fi ni ilimi, ko da ni na haife ta.

Da sanyi ya shigo, makaranta ta sake turo saƙo: iyaye su zo a mulmula ƙwallayen garin shinkafa da yara, irin wanda suke dafawa da ruwan zaƙi. Ina gani na ce, "Wannan ai fura ce, ni da na tashi a gidan..."

Nusaiba ta ajiye cokalinta ta zuba min ido.

Na ce, "To. Ya ake yi?"