Rasuwar Jakin Sama na Falon Malam Lamine

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da ya ƙi wucewa, Malam Lamine, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, a Tasawa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar zanen nan na falonsa, wanda yaran gida suke kira Jakin Sama. Ya rasu ranar sunan Nuriyya, jikar Malam Lamine, tsakanin Azahar da La'asar, ba tare da jinya ba.

Marigayin litografi ne, wato zanen da ake bugawa daga kan dutse. Wani shahararren mai zanen Turai ya yi shi, irin masu zana abin da sai a mafarki ake gani. Kaɗan aka buga aka goge dutsen, shi kuma ya sa hannu a ƙasan kowanne. Jaki ne tsaye a kan gajimare, da ƙofa a cikinsa, farin wata yana leƙowa ta ƙofar. Lamine ya rungumo shi tun daga Faransa lokacin da aka tura shi ƙaro ilimi, ya bar jakar kayansa a hannun Allah.

An shaidi marigayin da haƙuri. Bai taɓa harbin kowa ba, bai taɓa shiga gonar wani ba. Baƙi sun yi masa dariya, sun tambaya ko mai zanen yana da lafiya, bai tanka ba. Muryarsa ɗaya ce: in babbar mota ta wuce, gilashinsa ya ce kar-kar-kar, ya yi shiru.

Ajalinsa ya taso ne daga garin Korgom a kan babur. Alhaji Na Allah, yayan Lamine, ya shiga falo zai ja baƙi salla, ya ga hoton mai rai a bango. Bai juya shi ba, bai rufa masa zane ba, kamar yadda kowane mai hankali yake yi. Sai ya zare shi daga gilashi, ya nemi almakashi, ya datse kan jakin tsaf, ya mayar.

«Na gyara ma shi, ƙane,» in ji shi. «Yanzu rataya abinka, mala'iku su samu shiga.»

Wannan yayan shi ya riƙe Lamine bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi lekol, kuma Lamine bai taɓa ɗaga masa murya ba. Lamine ya tsaya gaban mutane, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne: «Na gode, Yaya.» Wannan godiyar ta fi almakashin ƙona masa rai, har yau ya kasa yafe wa bakinsa.

Marigayin ya bar ƙanne biyu 'yan hannu ɗaya, su ma zanen mutumin nan ne, Kifi Mai Takalmi da Tsanin Cikin Teku, yanzu suna ɓoye ƙarƙashin gadon Raihana, matar gidan. Ya bar ƙusa guda a bango.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, gindin bedi, wato dogon yaron tsakar gida. Gangar jiki kaɗai za a rufe, don Alhaji ya tafi da kan a aljihu. Ba a son taro, ba a son nasiha. Mai zuwa Korgom ya gaya wa Yaya cewa Lamine yana gaisuwa, kuma Sallar bana, karo na farko tun yana yaro, kada a shimfiɗa masa tabarma, ba zai zo ba.